Filin da Aka Gina Domin Taya Huɗu: Tarihin Rikicin Kat da Babur

A shekarar 1956, wani mai ƙera motocin tsere a jihar Kalifoniya ta Amurka, Art Ingels, ya haɗa bututun ƙarfe da walda, ya sa masa ƙananan tayoyi huɗu da injin yankan ciyawa. Wannan ce kat ta farko, ƙaramar motar tsere da direbanta ke zaune dab da ƙasa. Masu sha'awarta sun fara gwabzawa a wurin ajiye motoci na filin wasa na Rose Bowl da ke Pasadena, kafin a soma gina musu filaye na musamman. A 1962 aka kafa hukumar CIK a ƙarƙashin FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta ɗauki nauyin dokokin wasan.

Sufamoto ya zo daga baya. A 1979 Gavin Trippe ya shirya wa gidan talabijin na ABC gasar Superbikers a Carlsbad, inda aka haɗa kwalta da turɓaya a zagaye guda domin a gane gwanin gwanayen mahaya babur. Da gasar ta tsaya a 1985, Faransawa suka rungume ta, suka raya ta, har hukumar babura ta duniya, FIM, ta mayar da ita gasar duniya a 2002. Sai dai wasan ya girma ba shi da gidan kansa. Filin kat, mai gajeren zango da kwana masu kaifi, ya dace da shi ƙwarai, don haka mahaya suka nufi can. Wasu masu filaye suka karɓe su, wasu suka rufe ƙofa.

Babban dalilin rufewar yana cikin yadda aka zana filin tun asali. Direban kat yana cikin firam mai bamba. Idan ya kauce hanya, ƙarfe ne ke fara dukan tarin tayoyin da aka jera a gefe. Mahayin babur kuwa rabuwa yake da abin hawansa, ya zame a kan kwalta, jikinsa ya isa shingen. Shingen da ke ceton wancan yana iya karya wannan. Babur na buƙatar sarari mai faɗi a bayan kowace kwana da shinge mai taushi, alhali yawancin filayen kat an matse su a ɗan ƙaramin fegi.

Na biyu shi ne kwalta. Idan babur ya faɗi, matakin ƙafa da hannun tuƙi sukan karce ta, baƙin mai da ruwan lagireto su zube. Kat ba ta da sifirin da zai shanye gargada, saboda haka kowane karce direba na jin sa a jikinsa. Shi ya sa filayen da suka yarda da babura sukan wajabta rufe waɗannan ƙarafa da roba mai tauri, da zuba ruwa zalla a lagireto.

Sai inshora da maƙwabta. Lasisin filin da inshorarsa galibi an rubuta su ne domin kat. Shigo da babur na nufin sabon bincike da ƙarin kuɗi. Ƙarar salansa ma tana da hatsarinta. A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Coventry da Lawrence kan filin tseren babura na Mildenhall, ta yanke cewa izinin hukuma kaɗai ba ya halatta damun maƙwabci da hayaniya. Mai filin da ya san ƙorafi ɗaya na iya rage masa ranakun aiki ba zai yi caca da abincinsa ba.

Asarar ta faɗa kan matasa, domin ƙananan filaye su ne makaranta mafi araha. Valentino Rossi da kat ya fara kafin ya koma ƙananan babura. Inda aka rufe ƙofa, ba kowane saurayi ne ke haƙura ba. Wani titin gari yake komawa, inda babu shinge, babu motar asibiti.