Tsabar kuɗin tsohuwar Girka da sarakunan Bahar Rum

Tsabar kuɗin tsohuwar Girka kuɗi ne na azurfa da zinariya da tagulla waɗanda biranen Girkawa da sarakunansu suka riƙa bugawa. Hotunan da ke jikinsu suna nuna yadda mulki ya tashi daga hannun birane ya koma hannun sarakuna. Duk shekarun da ke ƙasa na kafin haihuwar Annabi Isa ne.

Asali

An fara buga tsabar kuɗi a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 7. Daga nan Girkawa suka ɗauki sana'ar. Kowane birni yakan sa abin bautarsa da tambarinsa, ba fuskar mai mulki ba. Kuɗin Atina mai suna tetradirakma, wato dirakma huɗu, yana da nauyin giram 17 da 'yan kai. Fuskar Atena ce a gabansa, mujiya a baya, azurfarsa kuma daga ma'adinan Lauriyon take fitowa.

Sarakunan Makidoniya

Filibus na II (359–336) ya mallaki ma'adinan dutsen Pangayon, ya buga kuɗin zinariya da sunansa, ya biya sojoji da su. Ɗansa Iskandari (336–323) ya bi ma'aunin Atina. Kuɗinsa na azurfa na ɗauke da Herakiles sanye da fatar zaki, a baya kuma Zeyus ne zaune riƙe da gaggafa. 'Yan kasuwa sun amince da kuɗin ƙwarai, har aka ci gaba da buga shi fiye da shekara 200 bayan mutuwarsa.

Fuskar sarki

Da kwamandojin Iskandari suka raba daular, kowanne ya nemi hujjar gadonta. Lisimakus na Tirakiya ya buga fuskar Iskandari da ƙahon rago, alamar Amon, abin bautar Masarawa. Batlamiyus na I, da ya zama sarkin Masar wajen shekarar 305, ya sa fuskar kansa tun yana raye. Zuriyarsa ta riƙe sarautar har zuwa Kiliyofatara ta VII, wadda ta mutu a shekarar 30, ita ma da fuskarta a kuɗi.

Tasiri

A shekarar 44 aka buga fuskar Yuliyus Kaisar a kuɗin Roma yana raye, abin da ya yi kama da al'adar sarakuna a ƙasar da ke ƙyamar sarauta. A watan Maris na shekarar aka kashe shi. Daga kalmar dirakma ne Larabci ya samo dirhami, wanda Hausa ta ara.