Yaƙi da cututtukan jima'i a Kaduna ta Kudu

Yaƙi da cututtukan jima'i a Kaduna ta Kudu aiki ne na rage yaɗuwar ciwon sanyi, tunjere da ƙanjamau a unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna, kamar Kakuri, Makera, Barnawa, Television da Sabon Tasha. An fi mayar da hankali kan matasa da mata masu zaman kansu.

Asali

Kakuri ta kasance cibiyar masaƙu. Rufe masaƙar KTL a 2002 da UNTL a 2007 ya bar iyalai da dama ba aiki, kuma talauci na cikin abubuwan da ke hana mace iya tilasta amfani da kwaroron roba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar ƙanjamau.

Matakai

Hukumar KADSACA ce ke jagorantar aikin a jihar, tare da NACA ta tarayya. Ana raba kwaroron roba, ana wayar da kai, ana kuma gwaji da ba da magani a asibitoci irin su Gwamna Awan da St. Gerard.

Ƙalubale

Kunya da tsangwama kan sa masu ciwo su sayi magani a kemis ba tare da gwaji ba, abin da ke sa ciwon sanyi ya daina jin magani. Idan ba a yi wa abokin tarayya magani ba, cutar kan dawo. A mata, takan jawo rashin haihuwa. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wariya ga masu ƙanjamau.