DALAR MISRA DA TUDUN DURƁI: TAFIYATA NI KAƊAI ZUWA DURƁI TA KUSHEYI

Yau ku yi mini afuwa, ba ci gaban labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata 'yar tafiya ce na yi ni kaɗai, daga nan Birnin Gwari zuwa ƙasar Katsina, wadda tun da na dawo take cin raina, na ga ba zan samu sukuni ba sai na amayar muku da abin da na gano.

Asalin abin kuwa wata kunya ce da na sha. Shekarun baya na rubuta wani littafi inda na ɗauki ango da amaryarsa na kai su Misra shan amarci, na tsayar da su gaban dalar Fir'auna suna ɗaukar hoto, alhali ni da na rubuta ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, a kalanda na ga dalar. Ran nan ina zaune a rumfar wani mai sayar da littattafai sai ga wani yaro ɗan sakandare, da aka ce masa ni ne marubucin, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, don Allah mu ba mu da irin namu wurin ne, da kullum sai kun kai mutane Misra ko Dubai?" Wallahi na yi dariya na ce masa Allah ya yi masa albarka, amma amsa ban ba shi ba, domin ba ni da ita.

Mu fara da ita dalar. Babbar dalar Giza da ke gefen Alƙahira kabari ce, an gina ta ne domin wani Fir'auna mai suna Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Tsawonta na asali ya kai mita 146, kuma duwatsun da aka jera a cikinta sun haura miliyan biyu. Sudan ma, wadda kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa zuwa aikin Hajji, tana da nata dalolin a Meroe da wasu wurare, yawansu har ya fi na Misra, sai dai ƙanana ne. A Gao ta ƙasar Mali akwai kabarin Askiya Muhammadu, ginin laka mai siffar dala, tsawonsa mita 17, wanda aka gina a 1495, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2004. Mu kuwa in an ce dala, abin da ke zuwa mana a rai shi ne dalar gyaɗa ta Kano ta zamanin su Alhassan Ɗantata, wadda ita ma ta zama labari. To da na lura cewa ainihin dala kabarin sarki ne da aka tayar sama don kada a manta da shi, sai na tambayi kaina, ina sarakunanmu na farko suke kwance? Wannan tambaya ce ta kai ni Durɓi ta Kusheyi.

Wanda bai san Birnin Gwari ba ba zai gane nauyin kalmar "tafiya" a bakinmu ba. Shekaru muka yi in mutum zai kama hanyar Kaduna ko ta Funtuwa sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai barin duniya, saboda 'yan bindigar da suka mamaye dajinmu. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, gwamnatin jiha ta sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe, motoci suka fara bin hanya da ɗan kwanciyar hankali. A cikin wannan sararin ne, farkon 2025 ana tsakiyar hunturu, na ɗaura niyya. Uwargida ta ce in nemi abokin tafiya, na nema, amma duk wanda na ce wa kaburbura zan je gani sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Haka na rataya jakata, da littafin rubutu da biro biyu, na nufi tasha ni kaɗai.

Muka bi ta Dogon Dawa muka faɗa Funtuwa, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a har sai da muka fita daga daji. Daga Funtuwa na sake mota ta Malumfashi zuwa Katsina, na kwana a can. Da yamma na je na tsaya gindin hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, na ɗaga kai ina kallon laka da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, mu kuwa gidan bulo shekara ashirin ya fara tsagewa. Washegari da sassafe na hau motar Mani, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Wurin yana gabas da birnin Katsina, tazarar kilomita 32 ko kusa da haka.

Ba zan ɓoye muku ba, da na sauka daga kan babur gwiwata ta yi sanyi. Ni da na taho da hoton kalanda a kaina, sai na tarar da tuddan ƙasa a tsakiyar gonaki, iskar hunturu na kaɗa karan gero, awaki na kiwonsu. Wanda ba a gaya wa ba zai wuce su ya ce tudu ne irin na ko'ina. Wani dattijo da na tarar a inuwa ya amsa sallamata, ya tambaye ni daga ina, da na ce Birnin Gwari sai ya riƙe baki ya ce, "Ɗana, duk wannan nisa don ka ga ƙasa?" Na ce, "Baba, waɗanda ke ƙarƙashinta na zo gaisarwa." Ya yi murmushi ya tashi ya shige gaba ina biye.

Ga abin da tarihin baka ya riƙe. Katsina ɗaya ce daga Hausa Bakwai, kuma sarkinta na farko shi ne Kumayau, wanda ake cewa jikan Bayajidda ne ta wajen Bawo. Zuriyar da ta yi mulki tun daga kansa ita ake kira Durɓawa, kuma a wannan yanki suka zauna tun kafin birnin Katsina na yanzu ya zama gari. Cikin sunayen da ake lissafawa akwai Kumayau da Ramba-ramba da Batare-tare da Jarnanata, na ƙarshensu kuma Sanau. Kalmar kusheyi jam'in kushewa ce, wato kabari, saboda haka sunan wurin da kansa yana gaya maka abin da ke cikinsa. Har yau akwai sarautar Durɓi a masarautar Katsina.

Yadda mulki ya fita daga hannunsu kuwa labari ne da ya fi duk wanda na taɓa ƙirƙira. An ce a wancan zamani sarki kan fito kokawa, wanda ya kayar da shi ya gaje shi. Sanau gwanin kokawa ne, yana da wata laya da yake ɗaurawa wadda ta sa bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Sai ga baƙo daga 'Yandoto, ta ƙasar Zamfara ta yanzu, mai suna Korau, ya sauka a wurinsa suka yi abota. Korau ya bi ta hannun matar Sanau aka ɗauke layar, ranar kokawa ya tayar da shi ya nana da ƙasa, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin da ake kira Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina, da wannan labari ake danganta shi. Muhammadu Korau shi ake ɗauka sarkin Katsina Musulmi na farko. Ku duba fa, ga amana, ga cin amana, ga mace a tsakiya, ga sauyin addini da na mulki duk a labari ɗaya, amma mu marubuta muna can muna kwaikwayon finafinan Indiya.

Wannan na baka ke nan. Sai kuma abin da ƙasa ta faɗa da aka tona ta. A 1907 wani Baturen mulki mai suna Palmer, tare da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wanda ya hau mulki a 1906, suka sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan. An samu tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan da aka kwasa a wancan karo sun salwanta. A 1959 aka sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Sai a 1992 wasu masana daga Jamus, ƙarƙashin Farfesa Dierk Lange na jami'ar Bayreuth, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka haƙa wasu tuddai uku. A kowane tudu mutum ɗaya aka samu a tsakiya, an binne shi da kayansa.

Kayan nan su ne suka sa na zauna a kan dutse na yi shiru. An samu kayan ado na zinare, da warwaro na hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi da na dutse mai daraja, da kayan tagulla da na jan ƙarfe, da kuɗin wuri. Akwai kuma tasa ta ƙarfe wadda masana suka ce aikin ƙasashen Larabawa ce ta gabas. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka auna shekarunsu, aka baje kolinsu a can a 2011, sannan aka dawo da su Nijeriya a 2014. Awon ya nuna cewa kaburburan sun faro daga wajen ƙarni na 13 ko na 14 zuwa na 15 ko na 16, wato an yi sama da shekara 200 ana binne manya a wurin.

Ku tsaya mu yi tunani a kan wuri kaɗai. Wuri ba a kogin Mariga ake samunsa ba, ba kuma a Tafkin Chadi ba, dabbar teku ce, kuma irin wanda aka yi kuɗi da shi a ƙasar Hausa daga tekun Indiya yake fitowa. Kafin ƙwaya ɗaya ta iso hannun wani Badurɓe sai ta hau jirgin ruwa, ta sauka, ta hau raƙumi, ta ratsa Sahara. Ke nan mutanen da ke kwance a tuddan nan ba ƙauyawa ne da duniya ta manta da su ba, suna ciniki da ƙasashe masu nisa tun kafin Bature ya san hanyar zuwa nan. Ita kanta Misra da nake ta kai jarumaina, akwai zumunci tsakaninta da Katsina: babban malamin nan na Alƙahira, Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wasiƙar nasiha zuwa ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ashe hanyar da nake ganin sai da biza da jirgi, kakanni sun daɗe da take ta.

Wani abin lura kuma, binne mutum da dukiyarsa ba koyarwar Musulunci ba ce, mu likkafani kawai muke tafiya da shi. Amma ga kabari irin na gargajiya, a cikinsa kuma ga tasa daga ƙasar Musulmi. Wannan ya nuna mini cewa Musulunci bai shigo ƙasar Hausa dare ɗaya ba. Fatake da malamai ne suka riƙa shigowa da shi sannu a hankali, kayansu suka riga aƙidarsu isa fada, har Allah ya sa ta zauna.

Ban ce tudun Durɓi ya kai dalar Giza ba, wanda ya ce haka ya yi son kai. Waccan dutse ce, wannan ƙasa ce, kuma shi ya sa tamu ta fi buƙatar a kula da ita, domin ruwan sama da garma da mantuwa suna cin ƙasa a hankali ba tare da an ji ƙara ba. Misrawa suna cin abinci da kaburburan Fir'aunoninsu, mutane na zuwa daga ko'ina a duniya suna biya su gani. Ni kuwa yinin da na yi a Durɓi ta Kusheyi, daga ni sai dattijon nan sai awaki.

A hanyar dawowa, da muka sake shiga dajinmu, sai tunanina ya koma gida. Masu lissafin Hausa Bakwai sun jefa Gwari cikin Banza Bakwai, muna jin haushin sunan, amma me muka rubuta da zai ƙaryata shi? Ga Tsohon Birnin Gwari nan inda kakanninmu suka zauna kafin a dawo sabon gari, yau an fi saninsa da ramukan haƙar zinare. Ga gandun dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999, da Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema a cikinsa. Yaran da aka haifa cikin shekarun tashin hankali sun san sunayen dazuzzukan nan ne a matsayin inda ake kai wanda aka sace. Tsofaffin da suka san wane sarki ne ya zauna a ina, wace ƙofa ce ake kira me, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu ma a gudun hijira suka rasu, labarin ya bi su kabari. Mutanen Durɓi sun yi sa'a an binne su da kayan da suka yi magana a madadinsu bayan shekara ɗari biyar. Namu tsofaffin ba su da tasa ko zinare, bakinsu ne kawai, kuma shi ba a tono shi.

Don haka roƙona ga 'yan uwana marubuta, maza da mata, shi ne kowa ya ɗauki biro ko wayarsa ya je ya zauna gaban tsoho ɗaya na garinsu kafin azumi mai zuwa. Ni dai na fara, na samu wata gwaggon mahaifina da aka haifa a Tsohon Birni, mun yi zama uku, na cika rabin littafi. Yaron nan ɗan sakandare kuma ina nemansa, domin yanzu ina da amsar da zan ba shi, har da kwatancen motar da zai hau.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.