Nazari a Kan Renon Bado a Tankin Gilashi na Kiwon Kifi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba halayen bado idan aka raba shi da tafki aka dasa shi a tankin gilashi na cikin gida, bisa hujjar cewa yawancin abin da masu kiwon kifin ado ke ɗauka illa ce gare shi, ɗabi'a ce da ya gada daga zaman fadama mai cika da damina ta ƙafe da rani.

Gabatarwa

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsirrai biyu da 'yan kasuwa kan haɗa wuri ɗaya. Na farko shi ne Nelumbo nucifera na ƙasashen Asiya, wanda Indiyawa da mutanen Sin ke girmamawa, wanda kuma ganyensa kan miƙe sama da ruwa fiye da mita guda, saiwarsa tana rarrafe cikin laka zuwa nesa, ta yadda babu tankin ɗaki da zai ɗauke shi. Na biyu shi ne badon da muka sani a tafkuna da fadamu irin na Haɗeja da Nguru, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna Nymphaea lotus a 1753. Nau'insa mai jan ganye da ɗigo-ɗigo, wanda Turawa ke saye, daga Afirka ta Yamma ya fito, ana kuma kiransa zenkeri don tunawa da Georg Zenker, Bajamushen da ya daɗe yana tattara tsirrai a Kamaru, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko jinsi ne mai zaman kansa ko kuwa reshe ne na badon kawai. A kan wannan na biyu bahasinmu zai tsaya.

Mas'alar ganye

Bado yana da ganye iri biyu. Wanda yake fara fitarwa a ƙarƙashin ruwa siriri ne, mai taushi, mai kyan launi, shi ne kuma muradin mai tanki; amma da zarar tsiron ya ji ƙarfi, sai ya jefa doguwar igiya zuwa sama, ya shimfiɗa wani ganye mai kauri a fuskar ruwa, wanda ƙofofin numfashinsa ke samansa, alhali a mafi yawan tsirran tudu a ƙasan ganye suka fi yawa. Sababin wannan gaggawa ba ɓoyayye ba ne, domin iskar kabon da tsiro ke haɗa abincinsa da ita tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kimanin sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari, ga shi kuma ruwan tafki da damina gurɓatacce ne, haske ba ya kai wa ƙasa. A 1980 wani masani mai suna John Dacey ya nuna, a kan wani ɗan'uwan bado mai suna Nuphar, cewa sababbin ganyen sama na tura iska ta cikin ramukan igiyarsu zuwa saiwar da ke binne a laka, ta fita ta tsofaffin ganye.

Saboda haka idan aka bar ganye ɗaya ko biyu suka kai sama, tsiron kan rage kula da na ƙasa, ba da jimawa ba kuma inuwarsa ta rufe tankin, sauran tsirrai su rame. Wanda ke son ganyen ƙasa sai ya riƙa tsinke kowace igiya daga gindinta tun ganyen yana naɗe bai buɗe ba. Wanda kuwa ke son fure, fari mai buɗewa da dare ya rufe da hantsi, tilas ya haƙura da inuwa, don da wuya bado ya yi fure ba tare da ganyen sama ba. A ganina samun biyun a ƙaramin tanki buri ne maras tushe.

Tushe da taki

Tushen bado ƙullutu ne kamar ƙaramin dankali, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne binne shi duka, wanda kan jawo ruɓewa. Ana ɗora shi ne bisa rairayi ko tsakuwa, a danna kimanin sulusinsa ciki, a bar idon tsiron a fili. Ta saiwa yake cin mafi yawan abincinsa, don haka ƙwayar taki mai sinadarin ƙarfe da aka cusa kusa da gindinsa ta fi masa amfani bisa wanda aka zuba a ruwa, wanda galibi gansakuka ke amfana da shi. Zafin ruwa tsakanin digiri 22 da 28 ya wadatar, da hasken sa'a takwas zuwa goma. Karfasa da tarwaɗa ba abokan zamansa ba ne, ɗaya na cin ganye, ɗaya na tonon gindi.

Kwanciya

Wani lokaci, ba tare da wani dalili bayyananne ba, sai ganye su narke ɗaya bayan ɗaya, har mai tanki ya yanke hukuncin cewa tsiron ya mutu, ya jefar da shi. Nan kuwa abin da yake yi ke nan a fadama idan ruwa ya janye, ya tattara ƙarfinsa cikin ƙullutun ya jira damina. Gwajin mai sauƙi ne: a matsa shi da yatsa, in yana da tauri kuma ba ya wari, to yana raye, sai a ajiye shi cikin rairayi mai laima a wuri mai sanyi na 'yan makonni, sannan a mayar.

Saura gargaɗi ga wanda zai ciro nasa daga tafki, cewa ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya sukan maƙale a ƙasan ganyen bado su saka ƙwai a nan, don haka a yanke ganyen duka, a wanke ƙullutun sarai, a killace shi a bokiti dabam har sababbin ganye su fito kafin a kai shi wurin kifi.