Busasshen Ganyen da Ya Tona Asirin Yunwar Ayilan

Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis, hankalinsa kan tafi ne ga kara, inda raƙuma da shanu da tumakin Nijar ke cika fili. Ni kuwa wajen masu kayan miya na tsaya, gaban buhunan dankalin turawa da aka ɗauko tun daga Jos. Wata mata ta zo saye, sai na ji ta ce wa mai kayan, "Malam, nawa ne kashin ayirish?" Sunan ya daɗe a bakinmu, har ba ma tambayar mutanen da aka laƙaba wa abin nan sunansu.

Dankalin ba nasu ba ne. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Abin da ya haɗa sunansa da Ayilan shi ne, babu al'ummar da ta jingina rayuwarta gare shi kamar su, kuma babu wadda ya kayar kamar su. Abin da ya kashe wannan dankali a 1845 ya ɗauki masana fiye da shekara 160 kafin su gane shi har zuriyarsa.

Ayilan tsibiri ce a yammacin Ingila. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 84,000, wato ta ninka Jihar Jigawa sau uku da rabi. Ƙasa ce mai yayyafi kusan duk shekara, ciyawarta ba ta bushewa. A yau kashi biyu take: Jamhuriyar Ayilan mai hedikwata a Dublin, wadda ta fita daga hannun Birtaniya a 1922, da Ayilan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya har yanzu. A zamanin da muke magana kuwa, daga Landan ake mulkin tsibirin duka, tun haɗewar 1801. Ƙidayar 1841 ta sami mutum miliyan 8.2 a cikinta.

Yawancin waɗannan mutane ba su mallaki ko taku ɗaya na gona ba. Ƙasar tana hannun tsirarun attajirai, da yawansu ma a Ingila suke zaune, wakilansu ne ke karɓar kuɗin haya. Talaka ya noma hatsi ya yi kiwo, ya sayar ya biya haya, sannan ya ci daga ɗan fegin da ya rage masa. A irin wannan fegi dankali ne kaɗai zai ciyar da gida guda har shekara ta zagayo. Mutum kusan miliyan 3 da shi suke karyawa, da shi suke kwana. Ƙaton da ke aikin ƙarfi yakan ci har kilo 6 a yini, ya kora da tsala in akwai. Mafi yawansu kuma iri ɗaya suke shukawa, mai suna Lumper, saboda yana zuba 'ya'ya ko a ƙasar da ta gaji.

Dankali ba da ƙwaya ake shuka shi ba. Shi kansa ake yankawa a binne, kamar yadda ake dasa rogo ko rake. Saboda haka duk tsiron da ke gonar tamkar jiki ɗaya ne da aka rarraba, halinsu ɗaya, rauninsu ɗaya. Cutar da ta iya kayar da guda ta iya kayar da na dukan ƙasar.

An fara ganin cutar a gabashin Amurka a 1843. Ta ɓulla a Beljiyam a tsakiyar 1845, zuwa watan Satumba ta iso Ayilan. Manomi zai kwana da gonarsa shar, bayan 'yan kwanaki ganye ya yi baƙin tabo, ƙarƙashinsa ya yi fari-fari, wari ya tashi. Wanda aka haƙa lafiya lau aka adana a rami, sai a buɗe a tarar ya narke ya zama baƙin kunu. A shekarar farko aƙalla kashi ɗaya cikin uku ya salwanta. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 cutar ta lafa, amma babu irin shukawa domin an cinye shi, kuma a 1848 ta sake dawowa. Mutum kusan miliyan 1 suka mutu, akasarinsu ta hanyar atini da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa, waɗanda kan bi bayan yunwa. Wasu fiye da miliyan 1 suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Ƙidayar 1851 ta sami miliyan 6.6 kacal. A harshensu suna kiran wannan lokaci An Gorta Mór, wato Babbar Yunwa.

Me ya ruɓar da dankalin? Kowa da abin da ya ce. Wasu sun ɗora laifin kan walƙiya, wasu kan hayaƙin jiragen ƙasa da suka fara yawa a lokacin, wasu kan takin kashin tsuntsaye da ake shigowa da shi daga Peru. Babban masanin tsirrai na Landan, John Lindley, ya tsaya kan cewa sanyi da yawan ruwa ne suka cika dankalin har ya ruɓe, fumfunar da ake gani kuwa daga baya ta zo, kamar yadda take hawa tuwon da ya kwana biyu. Wani limamin coci na karkara, Miles Joseph Berkeley, wanda ya daɗe yana nazarin fumfuna da madubin ƙara girma, ya rubuta a 1846 cewa fumfunar ce ke haddasa ruɓar. Kaɗan ne suka yarda da shi, domin a lokacin ko likitoci ba su amince cewa ƙananan halittu na jawo cuta ba.

Bajamushe Anton de Bary ne ya raba gardamar a 1861. Ya ɗauki tsirrai lafiyayyu ya raba su biyu, ya ba su sanyi ɗaya da laima ɗaya, ya barbaɗa wa kashi ɗaya ƙurar fumfunar, ya bar ɗayan. Wanda aka barbaɗa wa kaɗai ya ruɓe. A 1876 ya raɗa wa halittar suna Phytophthora infestans, kalmar farko tana nufin mai halaka tsiro. Daga baya an gano ba ainihin fumfuna ba ce, danginta sun fi kusa da gansakukar ruwa. Tana son sanyi mai laima. Iska ke kwasar ƙurarta daga ganye zuwa ganye, ruwan sama kuma ya wanke ta cikin ƙasa ta sami dankalin. Shi ya sa zafin Gumel ba wurin zamanta ba ne, amma manoman Bokkos da Mangu a Filato sun san ta sarai, ta sha cinye musu gonaki a daminar da hazo ya yi yawa.

An san sunan cutar ke nan, amma sauran tambaya. Halittar nan zuriya-zuriya ce, kamar yadda gero yake iri-iri. Wace zuriya ce ta yi ɓarnar 1845? Shekaru da dama amsar da ke cikin littattafai ita ce wadda ake kira US-1, saboda ita aka tarar ta mamaye gonakin duniya a tsakiyar ƙarni na 20. An ɗauka tun da ita ce ko'ina, ita ce tun farko. Hujjar ke nan, kuma babu wanda ya iya gwada ta, tun da dankalin 1845 ya daɗe da zama ƙasa.

Ashe ba duka ya zama ƙasa ba. Masanan tsirrai na wancan zamani suna da wata ɗabi'a: in sun ga ganye mai ban mamaki sai su tsinke shi, su danne shi tsakanin takardu har ya bushe, su rubuta wuri da shekara, su ajiye a kabad. Irin waɗannan ganyaye suna nan a lambun Kew da ke Landan da wasu ɗakunan ajiya na Turai da Amurka. Jean Ristaino ta Jami'ar Jihar North Carolina ta fara ɓantarar ɗan ƙanƙanin gefen tabon da ke jikinsu tana neman ƙwayoyin gado na cutar, wato DNA. Sakamakon da ta wallafa a mujallar Nature a 2001 ya nuna alamar gadon da ke tsofaffin ganyayen ba ta US-1 ba ce. An wanke wadda ake tuhuma, ba a kama mai laifi ba.

Sai a watan Mayun 2013 wata tawaga ta masana daga ɗakin binciken Sainsbury da ke Norwich a Ingila da Cibiyar Max Planck ta Tübingen a Jamus, cikinsu har da Kentaro Yoshida da Sophien Kamoun da Hernán Burbano, suka wallafa aikinsu a mujallar eLife. Sun ɗauki tsofaffin ganyaye 11 daga Kew da Munich, akwai wanda aka tsinko a Ayilan a 1847, suka karanta gadon cutar kusan gaba ɗayansa, suka gwada da na zuriyoyin yau. Suka tarar da wata zuriya dabam da ba a taɓa sani ba, suka kira ta HERB-1, daga sunan ɗakin ajiyar busassun ganye a Turance. Ita ce ta fito daga nahiyar Amurka ta ratsa Turai, ta yi fiye da shekara 50 tana cin karenta ba babbaka, kafin 'yar'uwarta US-1 ta ture ta a farkon ƙarni na 20. Inda masana ke ja har yanzu shi ne mahaifar halittar ta asali: wasu na cewa kwarin Toluca a Meziko, wasu na cewa tsaunukan Andes.

Wannan ya amsa abin da ya kashe dankali. Abin da ya kashe mutane yana cikin wasu takardun dabam. Cutar nan ta faɗa wa Beljiyam da Holan da Jamus da Sikotilan, an sha wuya, an yi rashi, amma babu inda aka rasa mutum ɗaya cikin takwas sai Ayilan. A shekarun yunwar jiragen ruwa ba su daina fita da shanu da man shanu da hatsi zuwa Ingila ba, domin da su ake biyan haya. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masarar fam 100,000 daga Amurka a asirce, amma gwamnatinsa ta faɗi a 1846. Wadda ta gaje ta, ta John Russell, da jami'in baitulmali Charles Trevelyan da ke riƙe da agajin, sun yi imanin kada hukuma ta sa hannu a kasuwa. Aka sa mayunwata fasa dutse da gina hanya a kan ladan da bai isa sayen abinci ba. A tsakiyar 1847 an buɗe wuraren rabon miya da suka ciyar da mutum miliyan 3 a rana, abin da ya nuna ana iyawa, sai kuma aka rufe su bayan 'yan watanni. A shekarar ce aka yi dokar da ta hana agaji ga duk mai riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka, sai ya sake ta. Dubban gidaje suka rabu da gonakinsu don kwanon abinci. Taimako ya zo daga nesa, har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid, ya aika da fam 1,000. A 1997 Firayim Minista Tony Blair ya amsa cewa masu mulki a Landan sun gaza wa mutanen. A ganina wannan laifi ya fi na cutar nauyi, domin ita ba ta da hankali, su kuwa suna da shi, kuma suna da rumbu.

Ban iya karanta wannan tarihi ba tare da tuna hirar dattawan Gagarawa ba. Layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa ta garin, kuma gyaɗa ce ta raya shi. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. Bayan farin 1973, sai a 1975 wata cuta da darɓa ke yaɗawa ta sauka a kan gyaɗa. Tsiro ya ƙanƙance, ganye ya dunƙule ya yi rawaya, a tuge a tarar babu komai. An ƙiyasta hekta 700,000 ta lalace a Arewacin Najeriya, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. An yi asara mai tsanani, amma ba a yi irin mutuwar Ayilan ba, ba a ma kusanci yunwar Kakalaba ta 1914 ba. Manomin ƙasar Gumel gonarsa tasa ce, kuma bai taɓa barin gero da dawa da wake ba, yakan haɗa su a gona ɗaya. Gyaɗa ta tafi da kuɗi, tuwo ya rage. Daga baya masanan Samaru suka fitar da irin gyaɗa mai jure cutar.

Shi ya sa nake sa ido in na ga riɗi da zoɓo suna cin filin gero saboda farashinsu a Maigatari, kuma shi ya sa na fahimci damuwar manoman Gagarawa da Sule Tankarkar lokacin da aka yi taƙaddama kan hekta 12,000 da aka ware don noman rake. Neman kuɗi ba laifi ba ne. Amma mutanen Ayilan abu biyu suka rasa kafin cutar ta iso, gonar kansu da abinci na biyu. Yau shekara 180 ke nan, mutanen tsibirin duka sun ɗan haura miliyan 7, ba su koma adadin 1841 ba.

Kirana ga malaman aikin gona na Kwalejin Ilimi ta Gumel da ma'aikatan hukumar aikin gona ta JARDA shi ne su ware kabad ɗaya. Duk ganyen gero ko wake ko riɗi da ya zo da baƙuwar cuta, a busar da shi tsakanin takardu, a rubuta ƙauye da shekara. A tura ɗalibai su ɗauki muryar dattawan da suka ga 1973 da 1975 tun suna raye. Kai kuma manomi, in ka ga tabon da ba ka sani ba a gonarka, tsinko ganyen ka kai wa malamin gona a ranar.