Launi Huɗu na Mai Rubutun Alƙur'ani

Yaranmu da ke karatun zane a manyan makarantu sukan zaci a can aka fara koyar da zaɓen launi da tsara shafi. Alhali kuwa gardin da ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka ya daɗe da sanin wannan fanni, sai dai shi ba ya taɓa launi don sha'awa kawai.

Ƙa'idar ta girmi zangonninmu nesa. Abu Amrin Addani, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 444 bayan Hijira, ya ambata cewa mutanen ƙasarsa da launi huɗu suke rubuta mushafi: baƙi na haruffa, ja na wasali, rawaya ta hamza, kore na alifin sadarwa. Wannan tsari ya ratsa Magrib tare da ruwayar Warshu, ya zauna a Barno da Kano, fatake da almajirai suka iso mana da shi. Saboda haka ɗalibi ba shi da ta cewa a cikin nassi. In ya ɗiga ja a gurbin rawaya, ya ɓata karatu, kuma malam ba zai karɓa ba komai kyan hannunsa.

Kayan aikin ma shi ke haɗa abinsa. Baƙar tawada daga bagaruwa da ƙaro, alƙalami daga gamba, takarda kuwa a ƙarni na 19 mai alamar wata uku ce ta Italiya, wadda ayari ke kawowa ta Tarabulus. Tsadarta ta sa dole ya auna shafi tun kafin ya tsoma alƙalami: ya ƙidaya layuka, ya bar gefe don alamar sumuni da rubu'i da izu da sujada, ya gama baƙi, ya bushe, sannan ya komo da sauran launuka.

A zayyana ne ake sakar masa mara. Wurare huɗu aka saba ƙawatawa sosai: farkon Baƙara, A'arafi, Maryam da Sadi. Nan yakan raba fili gida-gida, ya saƙa layuka kamar tabarma, ya sa ja kusa da rawaya, ya raba su da siririn baƙi don kada su cinye juna. A ganinmu wannan siririn layi shi ya fi wuya, kuma a kansa dattawa ke gane hannun da ya nuna.

Masu tsohon mushafi a gafaka, ku buɗe farkon Suratu Maryam ku duba.