Su Wa Ke Cikin Hoton Nan?

Da wuya a sami tsohon gida a Sabo da ba shi da tarin hotuna, ko a cikin akwatin ƙarfe, ko a ƙasan adaka tare da takardun gida da tsohon fasfon Makka. Wasu na rataye a zaure, gilashin ya dushe, gara ta ci katakon. Abin da ke damunmu shi ne yawancinsu ba su da suna, ba su da shekara. Sai a ce maka "ai mutanen gidan nan ne na da", shi ke nan. Waɗanda za su iya ɗora yatsa su ce wannan wane ne, wancan ƙanen wance ne, kullum raguwa suke yi, kuma duk tsohuwar da muka kai makwancinta ta tafi da sunayen mutum hamsin ko fiye.

Maganar ta wuce sha'awa. Mu mazauna Kurmi mun san sau nawa ake tambayarmu yaushe muka zo. A 1916 aka yanka wa Hausawa unguwar Sabo, bayan sun daɗe suna zaune a cikin gari wajejen Oja'ba. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, daga nan cinikin goro da na shanu ya buɗe, mutane suka yi ta gangarowa Badun, kamar yadda tsofaffinmu ke kiranta. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya ƙirga mutum dubu huɗu da 'yan kai, littafinsa ya fito a 1969. Amma littafi labarin unguwa yake bayarwa a dunƙule. Wanda zai nuna cewa kakanka yana tsaye a ƙofar gidan nan tun kafin a sami mulkin kai, hoto ne, in har an san shi ne, an kuma san shekarar. Ranar da rigimar gado ko ta iyakar gida ta taso, a nan ake gane bambancin hoto mai suna da marar suna.

To, ta ina ake farawa? A juya bayan hoton tukuna. Yawancin masu ɗaukar hoto a garin nan Yarabawa ne, kuma suna buga hatimin shagonsu a baya, da adireshi, wani lokaci har da lambar waya. Hatimin da ya ce Jihar Yamma ya faɗo tsakanin 1967 da 1976, domin a 1967 aka yi jihohi goma sha biyu, a 1976 kuma aka fitar da Oyo daga cikinta. In lambar waya ta fara da 080, ba ta riga 2001 ba. Sai dai a kula: hatimi yana faɗin ranar da aka wanke hoton ne, ba ranar da aka ɗauka ba. In dattijo ya rasu, 'ya'ya kan kai tsohon hotonsa a sake ɗauka, a ƙara masa girma, a raba wa dangi. Sai ka ga fuskar 1950 da hatimin 1985. Irin wannan ana gane shi da dishi-dishin fuska, ko a ga alamar yagewar tsohon a cikin sabon.

Wani lokaci kuma hatimin ba na Ibadan ba ne sam, na Kumasi ne ko Ankara. Kada a jefar da shi a ce ba namu ba ne. Goro ya haɗa mu da Gwanja tun kafin a yi Sabo, kuma a ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutane da yawa suka dawo Nijeriya da ɗan abin da suka iya ɗauka, har da hotuna.

Bayan wannan sai a dubi abin da ke bayan mutanen, ba mutanen ba. Garin nan ya yi mana alheri wajen gine-gine masu shekara sananniya. Mapo Hall 1929. Hasumiyar Bower 1936. Asibitin UCH 1957. Filin wasa na Liberty 1960, inda Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a watan Agusta 1963. Cocoa House an gama shi a 1965, ya yi gobara a Janairu 1985, ya zauna a ƙone sai 1992 aka sake buɗe shi. Saboda haka in ya leƙo a bayan hoto, a duba ko lafiyayye ne ko baƙi. Ga mu 'yan Sabo, wanda ya fi amfani shi ne maƙwabcinmu na Adamasingba. Da filin sukuwa ne, sai a 1988 aka buɗe filin wasa na Lekan Salami a wurin. Duk hoton da aka ga fili fetal a nan, to ya girmi yawancin samarin da ke zama a bakin titi yanzu. Gadar sama ta Mokola kuwa ta jiya-jiya ce, 2013.

Amma akwai tarko, kuma mutane da yawa suna faɗawa. Hoton situdiyo ƙarya gare shi. Labulen baya zane ne: jirgin sama, bene, lambu, wani lokaci har Ka'aba. Rediyon da ke kan tebur ta mai hoto ce, agogon hannu na aro ne, babur ɗin ma kowa a kansa yake zama. Tsayuwa gaban jirgin labule ba ta mai da mutum Alhaji. In ana son shaidar hajji, a nemi fasfo, ko haƙorin Makka in ya yi murmushi, ko da yake mutanen da ba su cika yi wa mai hoto murmushi ba.

Abu biyu sun raba zamani gida biyu a ƙasar nan, kuma kowane tsoho ya san su: canjin hannu da canjin kuɗi. Ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hagu suka koma dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. In akwai titi a hoton, a duba ta wane hannu motoci ke tafiya. Sai dai a fara tabbatarwa ba a kife fim ɗin wajen wanki ba, don yakan faru. In rubutun allon shago ya karantu daidai, to hoton daidai yake. Kuɗi kuma hoton biki ya fi nuna su, wajen liƙi. Takardar naira ashirin mai hoton Murtala ta fito a 1977, hamsin a 1991, ɗari a 1999, dubu a 2005. Takarda ɗaya a goshin makaɗi ta isa ta ce maka "ba kafin shekara kaza ba".

A riƙe wannan kalma, "ba kafin", domin iyakar abin da kaya ke faɗa ke nan. Mota ko hula ko atamfa tana gaya maka farkon lokaci, ba ta gaya maka ƙarshensa. Mutum kan sa hula ɗaya shekara ashirin. Mun san dattawan da suka riƙe jar dara har suka koma ga Allah, bayan samari sun daɗe da komawa zanna bukar. Mutuwa ce kawai ke rufe ɗaya ƙofar: in wane yana cikin hoton, to ba bayan rasuwarsa ba ne.

Akwai wata dabara da ba mu cika lura da ita ba, ga ta kuwa a hannunmu. Yawancin hotunan gidajenmu na Sallah ne, Sallah kuma tana ja da baya kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, sai ta yi shekara talatin da uku ta dawo inda ta tashi. A 1960 Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, cikin ruwa. A 1974 sau biyu aka yi ta, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Bari mu gwada. A ce ga hoto: maza biyar a ƙofar shago, rago a ɗaure, hazo ya rufe bayan gari. A garin nan hunturu Disamba da Janairu ne, to layya cikin hazo tana nuna 1972 zuwa 1976, ko kuma a ƙara shekara talatin da uku a kai, wanda baƙi-da-farin hoton ya kore. Motar da ke wucewa tana hannun dama, Sallar Janairu 1972 ta fita. Allon shagon ya rubuta farashi da naira. A Sallar Janairu 1973 naira ba ta wuce mako biyu da fitowa ba, da wuya a ce har an sake fentin allo, ita ma mu ajiye ta gefe. Sai wata gwaggo ta ce na tsakiyan nan ai ya rasu kafin a kashe Murtala, wato kafin 13 ga Fabrairu 1976. Saura Sallah uku: biyu a 1974, ɗaya a Disamba 1975. In akwai jariri a hannun wani, kuma mai shi yana raye ya san shekarunsa, magana ta ƙare.

Kun ga yadda gwaggon ta ba da shekara ba tare da ta ambaci lamba ba. Haka tsofaffinmu ke lissafi, kuma lissafinsu ya fi na takarda ƙarfi sau da yawa. Shekarar zuwan Sarauniya, 1956. Shekarar da Adelabu ya yi hatsari, 1958. Kisan Sardauna, Janairu 1966. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Ambaliyar Ogunpa, wadda maƙwabta ke kira Omiyale, ƙarshen Agusta 1980. Kada a tambayi tsohuwa "wace shekara ce?", za ta ce Allah masani. A ce mata, "Iya, lokacin nan an yi canjin kuɗi ko tukuna? Wa kike goyo?" Mace ba ta manta wanda take goyo.

Gane mutum ya fi gane shekara wuya, kuma a nan ake son haƙuri. Fuskar mutanen da tana ɗauke da adireshinta. Zanen Gobirawa daban, na Kabawa daban, na Barebari daban, kuma wanzamanmu tsofaffi suna karanta su kamar wasiƙa, saboda haka a kai musu hoton. Ɗaurin rawani da aikin wuyan riga, aska biyu ce ko aska takwas, suna nuna matsayi. Wanda ke zaune a kujera a tsakiya shi ne maigida. Waɗanda ke tsaye a bayansa ba lallai 'ya'yansa ba ne, kuma wannan ya shafi Sabo musamman. Gidajen manyan fatoma na goro da shanu cike suke da yaran gida, dillalai, malamin da ke riƙe da lissafi, da baƙin da suka sauko da kaya daga Arewa za su koma bayan mako biyu. Wanda ya ɗauka duk mai tsayuwa a bayan kakansa jininsa ne, zai ƙirƙiro wa kansa baffanni. Dogon carbi da hoton Shehu Ibrahim Inyass a bango su ma alama ce, don a farkon shekarun 1950 Tijjaniyya ta game unguwar, har aka fara Juma'a a Sabo a 1952.

Sai matsalar suna. Ka kai wa tsohuwa hoton mijinta ko na ɗanta na fari, ba za ta faɗi sunan ba ko za ka kwana kana tambaya. Za ta ce "mai gidan nan ne", ko "mai sunan Malam". Alkunya ce, ba mantuwa ba, sai a nemi ƙanwar mijin ko wata jika mai wasa da shi. Wasu kuma duk unguwa ba ta san su da sunan yanka ba, sai Na-Kano, Ɗan Katsina, Baba Sakkwato. A rubuta laƙabin yadda yake, domin shi ne ke faɗin garin da za a je neman sauran dangi. Sunan rana ma yana taimako: Ɗanjuma da Jummai ran Juma'a, Balarabe ran Laraba, Azumi cikin watan azumi.

Shawararmu ita ce kada a tsaya kan shaidar mutum ɗaya, kuma kada a tambayi biyu a zama ɗaya. In babba ya ce wane ne, ƙarami ba zai musa masa a gaban mutane ba, ko da ya san ba shi ba ne. A kai wa kowa daban, kada kuma a sa masa suna a baki da cewa "wannan ba wane ba ne?" A miƙa hoton kawai, a yi shiru. In biyu sun dace, a rubuta. In sun saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Mata su ne suka fi ɓacewa. Saboda kulle, matan aure ba su cika zuwa situdiyo ba, sai 'yan mata masu talla, da amare, da tsofaffi, alhali daga cikin gidajen nan ake dafa abincin da ke ciyar da rabin unguwa. Ɗan abin da ya rage na hotunansu, wasu an ƙone a lokutan da wa'azi ya yi zafi a kan ajiye hoto. Ba mu shiga hukuncin malamai ba, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da rataye hoto ba, yana iya miƙa wa ɗan'uwan da zai adana a rufe. In an sami hoton mace, a rubuta sunanta na yanka da na mahaifinta da gidan da ta fito, ba "matar Alhaji" kawai ba, don Alhajin yana iya yiwuwa ya auri tara a rayuwarsa.

Rubutun kuma da fensir za a yi, a baya, a hankali. Biro yana huda takarda, tawadarsa tana fitowa ta fuska bayan 'yan shekaru, kuma a daina zana kibiya a kan mutum. Laimar garin nan ba irin ta Arewa ba ce: hoton da aka bari cikin leda yakan manne, wanda ya manne da gilashi kuwa kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauke shi da waya yadda yake, gaba da baya, da hasken rana a inuwa. In za a tura wa 'yan'uwa a Kano ko Legas ta WhatsApp, a rubuta sunayen daga hagu zuwa dama a kan farar takarda, a ajiye ta ƙarƙashin hoton a ɗauke su tare, don saƙon da aka rubuta daban yakan rabu da hoton tun a turawa ta biyu.